Lallen Inna da Takardun Gida

Lokacin da maganar gidanmu ta taso, na riga na zama 'yar gari a New York. Na san jirgin ƙasan da ke tsayawa a kowace tasha da wanda ke wucewa fuu bai kula kowa ba, na san shagon da ake samun busasshiyar kuɓewa a Mount Hope, na kuma daina gaishe da mutane a cikin lifta tunda na lura tsorata su nake yi. Sunana Zulai. A Kano ma'aikaciyar jinya ce ni, da farin kaya da agogo maƙale a ƙirji. Da na zo nan aka ce takardar shaidata ba ta ci ba, sai na koma kula da tsofaffi a gidajensu. Ban taɓa jin kunyar aikin ba. Wanka ne da ba da magani da lallashi, kuma duk na iya su tun a can.

Gidan da nake magana yana Rijiyar Zaki, ɗaki uku da tsakar gida. Da sunana aka saye shi, da rancen banki, tun ina aiki a Kano, don in raba Inna da zaman haya bayan rasuwar Baba. Ranar da muka tare, ko tabarma ba a shimfiɗa ba Inna ta haƙa rami a gefen rijiya ta dasa reshen lalle. Ita mace ce da lalle ba ya barin hannunta. Ba irin zanen fulawar nan na 'yan mata ba, ƙunshi na asali: a kwaɓa, a cika tafi da yatsu, a ɗaure, gobe a maimaita har jan ya koma baƙi. Sau ɗaya tak na taɓa ganin tafin hannunta fari, lokacin da take takabar Baba, kuma har yau ba na son tuna shi.

Akwai shekarar da ciwon baya ya kwantar da ni, na daɗe ba na fita aiki. Biya ya tsaya, kuɗin ruwa kuwa bai tsaya ba. Kafin in miƙe sosai banki ya aiko cewa in ba a yi wani abu ba zai sa gidan a gwanjo. Ƙanina Auwalu, malamin firamare, shi ya yi ta zirga-zirga har ya samo wani banki daban, irin waɗanda ba sa karɓar ruwa. Suka yarda za su sallami tsohon bankin, ni kuma in riƙa biyan su kaɗan-kaɗan. Ni murnata gida zai tsira. Inna tata murnar daban ce.

"Ke, Allah ya yi miki albarka," ta ce a waya. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, "ke" nake a bakinta tun ina goye. "Dama ba na so in cika a gidan da ake biyan ruwa a kansa."

Sharaɗi biyu sabon bankin ya kafa. Na farko, in sa hannu a takardun a gaban mai hatimin shaida, wanda a nan ake ce wa notari. Na biyu, a rubuta lambata ta banki a jikinsu. A shekarar ne aka ce duk mai asusu a gida sai an ɗauki hoton yatsunsa a na'ura an ba shi lamba, mu na waje kuma aka buɗe mana wani ofishi a Manhattan. Tayin nasu yana nan har farkon azumi. In wata ya kama takardu ba su koma Kano ba, sun janye, tsohon banki ya kira masu gwanjo. Na ce wa Auwalu ya kwantar da hankalinsa. Na nemi rana a ofishin yatsu, aka ba ni, na zauna jiran takardu.

Zangona na farko Canal Street ne. Mu ba mu cika yarda da akwatin gidan waya ba, a hannun matafiyi muke ba da saƙo. Alhaji Issufu, wani dattijo ɗan Maraɗi mai rumfar jakunkuna da tabarau, ta Kano yake bi in zai dawo daga gida, shi Auwalu ya damƙa wa. Na same shi yana ciniki da wasu Turawa 'yan yawon buɗe ido da Turancinsa da bai fi kalma goma ba, amma bai taɓa barin mai saye ya kuɓuce ba.

"Hajiya Zulai, marhaba!" ya ce. "Ga dosiyenki nan, takardun gidan, ko ruwa ban bari ya taɓa shi ba. Amma tsohuwa ta haɗo da wani ƙulli, ta ce in ba ki hannu da hannu. 'Yan duwan masu binciken kaya suka ce mini mine ne wanga, na ce musu shayi na."

Na kwance bakin ledar a nan tsaye, mutane suna bangaza ta suna wucewa. Garin lalle ne, kore shar, dakan turmin gidanmu. Ƙamshin ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gida, ga rijiya, ga Inna a kan kujerar tsuguno da hannuwa ɗaure. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya, hawaye ya zubo ban shirya ba. Alhaji ya kau da kai ya hau gyara jakunkunan da ba su buƙatar gyara.

A Mount Hope ɗaki ɗaya nake haya a gidan Hajiya Memuna, wata 'yar Kumasi mai jiki da murya, da ke dafa shinkafa da wake tana sayar wa direbobin tasi. Hausarsu ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne, tun ina gyara mata har na haƙura. Tana ganin ƙullin ta ajiye ludayi.

"Zulai, wannan lalle na gaske ne! Ba irin na kanti ba. Ka kwaɓa mu sa, ni ma za ni sa."

Ba sai ta roƙe ni ba. Ni a raina lissafin a fili yake. Ranar Litinin zan je a ɗauki yatsuna saboda gidanmu, babbar rana ce, mace kuwa ba ta zuwa babbar rana da hannu fayau. Ga lallen gidan da kansa ya tsallako teku ya same ni. Ranar Asabar da hantsi muka kwaɓa, muka cika tafi da yatsu, muka ɗaure da leda muka zura tsofaffin safa, muka zauna muna kallon talabijin har la'asar ba mai iya sosa hanci. Ranar Lahadi na maimaita, yadda Inna take yi. Ya kama ƙwarai. Yatsuna suka yi baƙi wuluk, suna sheƙi, har 'yan matan bene na sama suka sauko kallo.

Ofishin yatsu yana can saman wani dogon bene. Layi ne na 'yan ƙasarmu, kowa da yarensa, kowa yana duba agogo don aiki ya bari ya zo. Na sha atamfata mai kyau, ina ta ɗaga hannu ina gyara ɗankwali ba don ya kwance ba. Mai ɗaukar yatsun wani Bayarabe ne mai furfura da tabarau, ya ce ya yi aiki a Gusau da ƙuruciya, Hausarsa ba laifi. Ya ce in ɗora yatsu huɗu a kan gilashin. Na ɗora. Na'ura ta yi ƙara, ta kawo ja. Ya goge gilashin, na sake, ta sake kawo ja. Ya kamo hannuna ya juya, sai ya sauke tabarau.

"Hajiya, lalle kika sa?"

"Lalle ne mana. Daga Kano ma."

"Daga ko'ina ne, injin ba ya gani. Da haske yake karanta zanen yatsa, ke kuma kin rufe shi da baƙi. Sai ya goge ki dawo."

Na ce a gwada ɗaya hannun. Aka gwada. Na ce a danna da ƙarfi. Aka danna har farcena ya yi zafi. Na bayana suka fara tsaki. Ya rubuta mini wata ranar, na sauko. A cikin lifta na kalli hannun nan da nake taƙama da shi tun safe, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na kira Auwalu daga bakin titi na gaya masa.

"Innalillahi. Yaya, lalle kuma? Yanzu ya za a yi?"

"Yadda za a yi shi ne ka riƙe bakinka. Kada Inna ta ji. Lalle ai ba tabo ba ne, gogewa yake. Ka bar ni da shi."

Na faɗa da ƙarfin zuciya, amma na san lallen Inna. Ba a yi shi don ya goge da wuri ba. Na gwada lemon tsami, na gwada gishiri, na gwada man goge baki da wata 'yar Gambiya ta rantse mini a kansa. Ko gezau. Ranar da aka ba ni tana matsowa, hannuna yana nan kamar jiya aka kwance.

A nan Lawandi ya shigo. Na koma Canal Street in gaya wa Alhaji Issufu abin da shayinsa ya jawo, na tarar ya tafi masallaci. Lawandin, wani mutum da ke zaune a gefen rumfar, mai hular zanna da agogon gwal na ƙarya, ya ji ina ba yaron maƙwabcin rumfa saƙo, ya sa baki da Hausar Kano tsantsa. Ya tambayi unguwarmu. Ya san Rijiyar Zaki, ya san kwanar da ake sayar da gurasa, har ya kwaikwayi kiran kwandastan bas ɗin layin. Wanda bai yi zaman waje ba ba zai gane yadda irin wannan ke kwance wa mutum ɗamara ba. Kafin a jima ina ce masa ɗan'uwa.

"Haba Hajiya, wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce. "Akwai wani ruwa da ake kawo mini daga Dubai, amare ma da shi suke cirewa in za a sake musu zane. Safe da yamma ki tsoma yatsu. Ba don ke 'yar gida ce ba da ban sayar ba, na wata ne."

Kwalba ce ba rubutu a jikinta, tana ƙamshin turaren wuta. Ni da na yi shekaru a asibiti ina hana mutane shan abin da ba su san sunansa ba, na biya na karɓa har da godiya. Na tsoma safe da yamma. Yana zafi, na ce alamar aiki ce. Lallen kuwa ya fara fita, sai dai tare da fata yake fita. Da turaren ya gushe na gane warin da ke ƙasa. Ruwan nan ne mai ƙarfi da ake wanke banɗaki da shi.

Ranar da na koma ofis yatsuna sun yi fari, sun yi sumul, suna ɗaukar ido. Na ɗora. A allon na'urar sai ga wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙwai, ba layi ko ɗaya. Dattijon ya daɗe yana kallon allon.

"Hajiya, me kika yi wa kanki? Wancan karon zanen yana nan, an rufe shi ne. Yanzu zanen ne babu."

Ya duba kwamfutarsa sama da ƙasa. Ya ce ko'ina ya cika, mutane daga wasu jihohi ma nan suke zuwa. Wuri ɗaya ya samo mini, a makon da ya gabaci na azumi. Ya ce bayan shi ba shi da yadda zai yi da ni.

Daga nan aiki na wuce. Tsohuwar da nake kula da ita a St. George take, sai na bi jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan sannan in hau jirgin ruwan nan na kyauta in tsallaka. Kullum ina son wannan tsallakawar, ita ce kaɗai lokacin da ba mai kirana. Ran nan kuwa na zauna a benci na dunƙule hannuwa a cinya, tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun zuwana. Na hango Inna tsaye a ƙofar gida, kayanta a ƙulle, wani baƙo yana auna tsakar gidan da taku. Da hannuna na sayi gidan, da hannuna kuma nake neman in tashe ta. Na yi kuka sosai. Kafin jirgin ya tsaya na share fuska, na ce fata dai tsirowa take, na sha ganin ta tsiro a jikin waɗanda suka ƙone fiye da haka.

Amma sai da na fara sauke abin da ke raina. Ranar hutuna na ɗauki kwalbar na nufi Canal Street. Na sami Lawandi a wurinsa yana yi wa wata mata 'yar Nijar bayanin yadda zai samo mata takardar aiki. Na buɗe kwalbar na dire a kan teburin Alhaji Issufu.

"Ɗan'uwa, ga ruwan Dubai. Tsoma yatsanka."

"Hajiya, mu koma gefe mu yi magana, in kuɗinki ne..."

"Ban zo karɓar kuɗi ba. Amare ma suna tsomawa, kai da kake namiji me zai same ka? Tsoma."

Na ɗaga masa yatsuna goma, matar nan ta gani, masu rumfuna suka gani. Alhaji Issufu ya sunkuya ya shinshina kwalbar ya ɗago yana tari.

"Lawandi, kai hwa ba ka da tsoron Allah. Tashi ka tahi. Kada in ƙara ganin ka gehen tebur nawa."

Ya tafi yana cewa shi ma sayar masa aka yi. Matar ta mai da kuɗinta cikin jaka. Ban ƙara ganin sa a layin ba, na ji dai an ce ya koma Harlem da sabuwar hula.

Hajiya Memuna ce ta karɓi jinyar. Ta fito da wani ƙunshin man kaɗanya da 'yar'uwarta ta aiko mata daga arewacin Gana, wanda ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa. Safe da yamma take mulke mini yatsu da kanta, ta zura mini safar hannu ta auduga.

"Daga yau ba ka wanki, ba ka wanke-wanke, ba ka yanka albasa," ta ce. "Ruwan alwala kaɗai. In na gan ka kusa da sink, ni da kai ne."

Ta haɗa kayana da nata ta riƙa wankewa. Ni ba na son a yi mini hidima, na saba ni ke yi wa mutane, amma na zauna na miƙa hannu kamar jaririya.

Matsalar a wurin aiki take, don rabin aikin ruwa ne da sabulu. Misis Karmela, wadda nake kula da ita, tsohuwar tela ce, asalinsu Italiya, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a wani gida a kan tudu da ake hango jirgin ruwa ta tagarsa. Bakinta ya fi almakashinta kaifi. Shayina ya yi ruwa, matashin da na gyara ya karkace, tafiyata ta cika ƙara. Ranar da ta gan ni da safa biyu a hannu, ta auduga a ciki ta roba a waje, ta ce in cuta ce da ni in faɗa mata ta nemi wata. Na cire na nuna mata. Na ba ta labarin tun daga rijiya har kwalba.

Sannan ta tambaye ni shekarar Inna nawa a gidan, da ko tana da wani wurin zuwa. Na ce babu. Ta kalli taga ta ce 'ya'yanta ma kullum sai sun kawo mata maganar sayar da wannan gidan, wai matakala ta yi mata yawa.

"Jawo mini doguwar kujerar can gaban famfo," ta ce.

Daga ranar ita take wanke kwanukanmu, a zaune, hannu yana rawa, tana mitar cewa shekara da shekaru ban taɓa wanke kofi ya fita ba. Ta hana ni goge banɗaki, ta ce ba wanda zai mutu don ƙura. Ta ce in 'yarta ta bugo waya kada in kuskura in faɗa. Ana gobe zan koma ofis ta kamo babban yatsana ta kai shi kusa da idonta, irin duban da tela ke yi wa yadi.

"Zanen ya fito, amma wannan yatsan ya bushe," ta ce. "Nawa ma haka suka yi lokacin da aka ɗauki yatsuna, allura da yadi sun cinye su. In injin ya ƙi, ki goga shi a gefen hancinki. Akwai maiƙo a wurin."

Na je da sassafe, ba atamfa, ba kwalliya. Dattijon ya gane ni, ya ce bismillah da kansa. Yatsu huɗu na hagu, kore. Huɗu na dama, kore. Babban yatsan hagu, kore. Na dama ya kawo ja. Aka sake, ja. Na ji gumi yana bin bayana a ɗakin da sanyi ke kaɗawa. Na ɗaga yatsan na murza shi a gefen hancina a gaban jama'a, ban damu da mai kallo ba, na ɗora a hankali. Na'urar ta yi jim, sannan ta kawo kore. Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Mai gadi ya leƙo, wata mata a layi da ba ta ma san dalili ba ta tafa mini.

Lambar ta shigo wayata bayan 'yan kwanaki. Sa hannun kansa, wanda saboda shi aka sha duk wannan, bai ɗauki lokacin shan shayi ba. A wani shagon sayar da tikitin jirgi ne a Grand Concourse, notarin wata mata ce mai jin Sifaniyanci, tana cin tuffa. Ana buƙatar shaidu biyu. Alhaji Issufu ya bar rumfarsa ya zo da babbar riga, Hajiya Memuna ta sha leshi da gwaggwaro kamar za ta ɗaurin aure. Matar ta duba fasfona, ta duba fuskata, ta nuna mini inda zan sa hannu shafi bayan shafi. Ta danna hatiminta, Alhaji ya ɗaga hannu ya yi fatiha a tsakiyar shagon, har notarin ta ajiye tuffarta ta jira mu shafa. Wannan karon ban jira matafiyi ba, kamfanin aika saƙo na kai wa.

Ranar da ake duban wata, ina shirin fita aiki, kiran bidiyo ya shigo daga Auwalu. Can la'asar ta kusa. Yana tsaye a tsakar gida yana haki, ya ce daga banki yake, an karɓa, an sallami tsohon bankin, gida ya tsira. Na zauna a bakin gado. A bayansa ina hango rijiya da bishiyar lallen, ta yi tsawo har ta wuce katanga.

"Yaya, akwai wata magana," ya ce yana sosa ƙeya. "Inna fa ta sani. Tun ranar farko."

"Auwalu! Me na ce maka?"

"Wallahi ba ni na faɗa ba, fuskata ta duba. Kin san ta. Ta ce ita ta jawo, lallenta ne zai raba ki da gidanki. Har cewa ta yi in kawo gatari in sare bishiyar. Na kai gatarin maƙwabta na ce aro aka yi, har yau ba a dawo da shi ba."

"Ka kyauta. Ba ni ita."

Hoton ya yi ta juyi, sama, ƙasa, sannan fuskar Inna ta cika allon, ta matso da ita sosai yadda tsofaffi ke yi. Na gaishe ta, ta amsa. Ba ta yi maganar banki ba.

"Ke, nuna mini hannun."

Na ɗaga, na juya ciki da baya. Ta daɗe tana dubawa.

"Ya warke?"

"Ya warke, Inna. Kuma ba laifin lallenki ba ne. Kyansa ne ya yi yawa, har inji ya kasa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Auwalu ya ja baya da wayar. Sai ta zaro hannuwanta daga cikin mayafi ta buɗe mini su. Fari fat. Ɗan ja kawai ya rage a bakin farce, inda bai gama fita ba. Na ga jijiyoyi, na ga tsufan da lalle yake ɓoye mini duk shekarun nan. Rabon da in ga hannun nan haka tun takabar Baba.

"Ta rantse ba za ta ƙunsa ba sai naki ya karɓu," in ji Auwalu daga gefe. "Har bikin gidan Kawu haka ta je."

"Kai, wa ya tambaye ka?" Inna ta ce. Ta juyo gare ni. "Akwai saura a ƙullin nan da na aiko?"

"Akwai, Inna."

"To, in kin taso aiki ki kwaɓa."

"Ke ma ki sa a tsinko ganye a daka."

Ta sunkuya ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin kujera, ta buɗe faifan da ke kansa ta karkato mini shi.

"Tun safe na kwaɓa," ta ce. "Ke nake jira."